Daga aladen Sulawesi zuwa shanun Birnin Kudu: yadda dabba ta riga mutum shiga zane

A watan Yulin 2024 wasu masana daga Indunusiya da Ostareliya suka sanar da cewa sun auna shekarun wani zane da ke kogon Leang Karampuang, a kudancin tsibirin Sulawesi, suka tarar ya kai aƙalla shekara 51,200. Zanen na aladen daji ne da aka yi da jan launi, tare da wasu siffofi uku masu kama da mutane. Shekara uku kafin nan, a 2021, masanan sun ba da labarin wani aladen a kogon Leang Tedongnge mai shekara 45,500, aka ce babu zanen dabba da ya kai shi tsufa. Can baya kuwa sunayen kogunan duwatsun Faransa da Sifaniya aka saba ji. Dole mai bin labarai ya ruɗe. Yaya ake sanin shekarun zanen da ba a rubuta masa kwanan wata ba? Me ya sa kambun yake ta sauya hannu? Sannan tambayar da ta fi waɗannan nauyi: me ya sa duk inda aka tono tsohon zane, dabba ake tararwa a gaba, mutum yana raɓe a gefe ko ma babu shi?

Abin da ake nufi da "mafi tsufa"

Kalmar "zane" a Hausa jaka ce mai ɗaukar kaya da yawa, amma masana suna rarrabewa. Akwai zanen da aka shafa launi a jikin dutse, akwai wanda aka kankare dutsen aka fitar da siffa. Akwai kuma bambanci tsakanin layuka da ɗigo-ɗigo da shatin tafin hannu, da zanen siffa, wato wanda kowa ya gani zai ce wannan doki ne, wannan sa ne. Layukan sun girmi siffofin: a kogon Blombos na Afirka ta Kudu an sami ɗan dutse mai jajayen layuka a gicciye da ya kai shekara 73,000. Gasar da ake ji a labarai galibi ta zanen siffa ce.

Idan da gawayi aka yi zanen, ana iya auna sinadarin kabon da ke cikinsa, kuma da haka aka gano cewa zanukan kogon Chauvet na Faransa sun kai kimanin shekara 36,000. Jar ƙasa kuwa ba ta aunuwa ta wannan hanya. Abin da ake yi shi ne a nemi ɓawon farin dutse da ruwa ya bari a kan zanen bayan ya daɗe yana tsatsafowa. A cikin ɓawon akwai ɗan yuraniyom, irin ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit, wanda yake rikiɗa a hankali ya koma wani sinadari mai suna toriyom, kuma an san saurin rikiɗar. Idan aka gwada yawan wannan da na wancan, sai a san shekarun ɓawon. Tunda ɓawon a kan zanen ya kwanta, zanen ya girme shi. Shi ya sa masanan ke cewa "aƙalla", kalmar da kan ɓace a kanun labarai. Lambar da ake bayarwa ƙarancin shekarun ne, ba haƙiƙaninsu ba, kuma "mafi tsufa" na nufin mafi tsufa cikin abin da aka gano aka kuma iya aunawa. Gobe wani kogon zai iya karɓe kambun.

Abin da aka zana da abin da aka ci

Lokacin da Marcelino Sanz de Sautuola ya nuna wa duniya ɓaunayen da ke rufin kogon Altamira na Sifaniya, waɗanda 'yarsa ƙarama ta fara hangowa a 1879, manyan masana suka ƙi yarda. A ganinsu mutumin da ke fasa dutse ya yi wuƙa ba zai iya wannan gwaninta ba, har aka zarge shi da haɗa baki da wani mai zane. Ya rasu a 1888 da wannan zargi a kansa. Sai a 1902, bayan an sami irin zanukan a wasu wurare, babban mai sukarsa Émile Cartailhac ya fito fili ya amsa kuskurensa.

Kogon Lascaux na Faransa, wanda wasu samari huɗu suka gano a 1940, ya ƙara fito da abin mamakin. Zanukansa sun kai kimanin shekara 17,000. Dawakai ne suka fi yawa, sai bajimai da barewoyi, kuma akwai bijimin da tsawonsa ya haura mita 5. An bi ƙirar jiki, an fitar da nauyin ƙirji da lanƙwasar wuya, wani wurin har an yi amfani da tudun dutsen ya zama kafaɗar dabbar. Amma mutum ɗaya tak da ke ciki, 'yan layuka ne aka ja, da kai irin na tsuntsu, yana kwance gaban wata ɓauna. Bishiya, kogi, tsauni, kusan duk babu su.

Bayanin da ya daɗe yana tashe shi ne na malamin coci kuma masanin tarihi Henri Breuil: wai tsafin farauta ne, a zana dabba don a samu sa'a a kanta. Bayanin yana da ma'ana ga duk wanda ya san maharba da lagonsu. Matsalarsa ita ce ƙasusuwan da aka tono a Lascaux sun nuna naman da mutanen suka fi ci na wata barewar ƙasashen sanyi ne mai rassan ƙaho, ita kuwa da ƙyar ake samun siffarta a bangon. A Chauvet ma zakuna da karkanda da giwaye masu gashi ne suka cika bango, dabbobin da ake shakka, ba na tukunya ba. Wani masanin Faransa, André Leroi-Gourhan, ya zo da wata fahimtar, cewa jerin dabbobin tsari ne na alamu, kowace da gurbinta a kogon. David Lewis-Williams na Afirka ta Kudu kuma, bisa nazarin zanukan mutanen San, maharban kudancin Afirka, ya danganta abin da masu hulɗa da iskoki da abin da suke gani idan sun fita hayyacinsu. Kowane bayani ya dace da wasu kogunan ya kasa a wasu. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne masu zanen sun san dabba sanin wanda rayuwarsa ta rataya a kanta.

Kundin da Sahara ta ajiye

Nan ne labarin ya iso ƙofar gida. A Tassili n'Ajjer na Aljeriya, da Ennedi na Cadi, da duwatsun Ayar na Nijar, akwai dubban zanuka, kuma masana suna raba zamunansu ne da sunan dabbar da ta yi rinjaye. Da farko manyan namun daji: giwa, karkanda, dorina, kada, raƙumin dawa, a wuraren da yau ko ciyawar akuya ba ta isa. Sai zamanin shanu, garke-garke da makiyayansu. Sai zamanin doki da keken doki, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Daga ƙarshe raƙumi, wajen shekara 2,000. Duk wanda ya bi jerin ya karanta tarihin bushewar ƙasar, daga dausayi da tafkuna zuwa rairayi.

A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka kankare a jikin dutse, babban ya haura mita 5, an bi zanen fatarsa tabo bayan tabo. Ana ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000. Daga bakin kowanne an ja wani layi ya sauko har kan ɗan ƙaramin mutum. Wasu sun ce igiya ce, wasu sun ce alama ce ta wata alaƙa ta addini. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa kuwa, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanukan shanu da Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Abin lura shi ne akwai shanu marasa tozo a cikinsu, ba irin bunaji da rahaji masu tozo da suka cika kara a yau ba. Wato zanen shaida ne cewa akwai lokacin da wani irin sa daban ke kiwo a wannan ƙasa.

Fada, masallaci da batun mai rai

Da aka kafa dauloli, dabba ta bar kogo ta shiga fada da kabari. A Masar, agwagin dawa shida da aka zana a wani kabari a Meidum wajen shekara 2,600 kafin haihuwar Annabi Isa, har yau masana tsuntsaye suna iya faɗin irin mafi yawansu. A Sin, Han Gan na daular Tang ya zana farin ingarman sarki Xuanzong ɗaure a turke yana turje-turje, kuma ana ba da labarin cewa da aka tambaye shi malaminsa, sai ya nuna dawakan bargar sarki. A can zanen tsuntsaye da furanni fanni ne mai daraja, har sarki Huizong na daular Song da kansa ya shahara a kai.

A duniyar Musulmi maganar ta haɗu da hukuncin shari'a, kuma a nan ake yawan gutsure bayani. Akwai hadisai ingantattu masu tsanani a kan masu yin sura, akwai kuma shawarar da Abdullahi ɗan Abbas ya ba wani mai wannan sana'a, cewa idan ba makawa to ya zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. A kan haka mafi yawan malaman Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya suka haramta zana mai rai, mai inuwa ne ko shafaffe. Sanannen ra'ayin Malikiyya, mazhabar da ta fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma, ya bambance: haramcin yana kan sura mai inuwa mai cikakkun gaɓoɓi, irin mutum-mutumi, shafaffen zane a takarda ko bango kuwa makaruhi ne. An kuma yi sassauci a kan 'yar tsanar yara. Da hoton kyamara ya zo, malaman zamani suka sake rabuwa a kan ko ya shiga hukuncin ko bai shiga ba.

A aikace abin da tarihi ya nuna shi ne rabon wuri. Masallaci da Alƙur'ani an tsare su: adon bangon babban masallacin Dimashƙa na Banu Umayya bishiyoyi ne da gidaje da ƙoramu, babu mutum babu dabba. Amma a wancan zamanin dai, ƙarni na 8, fadar Ƙusair Amra da ke hamadar Jodan cike take da zanen farauta, kuma a fadar Khirbat al-Mafjar kusa da Yariko akwai zaki yana kama barewa a ƙarƙashin bishiya, an jera shi da ƙananan duwatsu masu launi. Kwafe-kwafen Kalila wa Dimna, littafin tatsuniyoyin dabbobi, na ƙarni na 13 suna ɗauke da zaki da diloli da sa. Ƙololuwar abin ita ce fadar Jahangir, sarkin Mughal na Indiya daga 1605 zuwa 1627, inda Ustaz Mansur yake zana duk wata baƙuwar halitta da aka kawo: talo-talo daga Goa a 1612, jakin dawa daga Habasha a 1621. Jahangir ya rubuta cewa wasu sun zaci fenti aka yi wa jakin, sai da aka bincika aka tabbatar haka Allah ya halicce shi. Akwai kuma zanen wani tsuntsu mara tashi sama mai suna dodo, da ake jinginawa Mansur, wanda masana ke ɗauka cikin mafi inganci, domin tsuntsun ya ƙare a duniya kafin ƙarshen ƙarni na 17. Samuwar waɗannan zanuka ba fatawa ba ce, sarakuna sun yi abubuwa da yawa da malamai ba su sa hannu ba. Sai dai tana rushe iƙirarin cewa Musulmi ba su taɓa zana dabba ba.

Turai ta saukar da dabba ƙasan tsani

A Turai kuwa abin da ya rage darajar zanen dabba ba hukuncin addini ba ne, tsarin makarantar zane ne. A ƙarni na 17 makarantar zane ta sarkin Faransa ta jera fannoni hawa-hawa, kuma André Félibien ya bayyana dalilin a rubuce wajen 1667: tunda mutum ne mafi cikar halitta, mai zana tarihi da labaran addini shi ne a sama. Mai zana dabba yana can ƙasa, ya ɗara mai zana 'ya'yan itace da matattun abubuwa ne kawai. Matsayin nan yana taɓa kuɗi da muƙami da bangon da za a rataye aikin mutum.

Kasuwa ba ta bi wannan tsani ba. A Holan, ƙasar attajirai da madara da cuku, Paulus Potter yana ɗan shekara 21 ko 22 ya zana ɗan bijimi a 1647 daidai girmansa na zahiri, a kan ƙyalle mai faɗin sama da mita 3, girman da aka saba keɓe wa sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ƙudaje na yawo a bayansa, ga kashin shanu a gabansa. Masana dabbobi sun lura cewa haƙoransa da ƙahonsa ba na sa mai shekaru ɗaya ba ne, wato daga shanu daban-daban ya harhaɗo shi, abin da Bafulatanin da ya saba duba bakin sa a kara zai gane nan take. A Ingila masu gonaki suka riƙa biya a zana musu shanun da suka ci gasa, jiki kamar rumbu, ƙafafu kamar tsinke, domin zanen talla ne ga mai neman iri. Masu dawakin sukuwa su ma haka. Whistlejacket, ingarman da George Stubbs ya zana wajen 1762, jinin dawakin Larabawa ne, kuma an zana shi tsaye kan ƙafafun baya, babu mahayi, babu sirdi, babu komai a bayansa. Doki ya samu irin zanen da ake yi wa basarake.

Rosa Bonheur ta Faransa ta kai fannin inda ba a zata ba. Don ta shiga mahauta da kasuwar dawakai ta yi nazari, sai da ta karɓi takardar izinin sa wando daga 'yan sandan Paris. Zanenta na kasuwar dawakai, da aka fara nunawa a 1853, faɗinsa kusan mita 5 ne, kuma a 1865 ta zama mace mai zane ta farko da aka ba babbar lambar girmamawa ta Faransa.

Ido, wuƙa da kyamara

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a tarihin karkanda ji ne ya daɗe yana mulki. A 1515 wata karkanda, kyautar Sarkin Gujarat Muzaffar Shah na Biyu, ta iso Lisbon. Sarkin Fotugal ya aika da ita ga Fafaroma Leo na Goma, jirgin ya nutse da ita a hanya. Albrecht Dürer na Jamus bai taɓa ganinta ba. Daga wasiƙa da ɗan zanen wani ya yi nasa, ya sa mata sulke kamar na mayaƙi da ɗan ƙaho a doron wuya wanda ba ta da shi. Saboda an buga shi da yawa, wannan siffa ce Turawa suka sani a matsayin karkanda fiye da shekara 200, har sai da aka zagaya da wata mai rai, Clara, a biranensu a tsakiyar ƙarni na 18.

Wasu suka zaɓi wuƙa. Stubbs ya shafe kimanin wata 18 a wani ƙauyen Lincolnshire yana feɗe gawar dawakai, yana zana tsoka bayan tsoka, ya buga sakamakon a 1766. John James Audubon, mai zanukan tsuntsayen Amurka 435, harbe tsuntsun yake yi ya ɗaure shi da waya a yanayin da yake so. Masu kare shi suna cewa ba wata hanya a lokacin, kuma aikinsa ya sa mutane son tsuntsaye. Masu suka suna ƙirga rayukan da aka kashe don a nuna rai.

Duk da haka akwai abin da ido bai iya kamawa. Masu zanen Turai, har da Théodore Géricault a zanensa na sukuwar Epsom na 1821, suna nuna doki a guje da ƙafafun gaba miƙe gaba, na baya miƙe baya, duk a sama. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Palo Alto ta Kalifoniya ya ɗauki doki yana sukuwa. Hotunan suka nuna lallai akwai lokacin da kofato huɗu ke barin ƙasa, amma a lokacin a naɗe suke ƙarƙashin ciki. Wani bincike da masana a Hungary suka wallafa a 2012 ya ƙara wani abu: da suka gwada yadda aka jera ƙafafun dabba mai tafiya a zanuka na zamuna daban-daban, masu zanen kogo sun fi masu zanen Turai na kafin Muybridge dacewa da gaskiya.

Da kyamara ta karɓi aikin kwaikwayon zahiri, sai masu zane suka mai da dabba harshen faɗin abin da ke zuci. Franz Marc ya yi shuɗin doki a 1911, yana ganin dabba ta fi mutum tsarki, kafin ya mutu a yaƙin Verdun a 1916. A 1937 Pablo Picasso ya sa doki mai kururuwa da bijimi a zanensa na harin bam da aka kai garin Guernica na Sifaniya.

Inda abin ya taɓa mutanen gari

Mai zanen allon shago a Kano ko Maraɗi, da mai yi wa bodin babbar mota zaki ko gaggafa, da malamin firamare mai zana akuya a allo, duk suna cikin wannan tarihi, kuma tambayar hukunci takan iso gare su kai tsaye. Sanin cewa saɓanin malamai ne tsoho, mai hujjoji a kowane ɓangare, yana rage saurin jifan juna da kalmomi masu nauyi, ko da kowa zai tsaya kan abin da malaminsa ya karantar da shi.

Sai kuma batun adanawa, wanda ya fi gaggawa. An buɗe Lascaux ga jama'a a 1948, numfashin baƙi da ɗumin jikinsu suka jawo gansakuka a bango, dole aka rufe shi a 1963. Tun 1983 kwaikwayonsa masu yawon buɗe ido ke shiga, kuma garin Montignac da ke kusa da kogon yana cin abinci da shi. A Sulawesi gishiri ne ke tsirowa a ƙarƙashin fatar dutsen yana ɓanɓare zanen, ga kuma masu fasa dutse don siminti a yankin. A Dabous, bayan an ga alamun tattakawa da ɓarna, an ɗauki shatin raƙuman dawan a 1999, aka zuba kwafi na ƙarfen alminiyom aka ajiye a filin jirgin saman Agadas. Zanukan Birnin Kudu suna ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya, amma mai tsaronsu na yau da kullum shi ne wanda gonarsa ko makiyayarsa ke kusa. Abubuwan da ke kashe irin wannan zane ƙanana ne: a watsa masa ruwa don launin ya fito a hoto, a hura wuta a gindin dutsen, a kankara suna a kai, ko a bi layinsa da alli. Bayan lalata launin, irin wannan taɓi yana iya gurɓata ɗan abin da masana za su ɗiba su auna shekarun zanen da shi.